Kukun Kumbo Da Ya Kore Ni Daga Alƙahira

Wautar da na yi guda ɗaya ce, kuma ƙarama ce: na ɓoye littafi a cikin tukunya. Ba kowace tukunya ba, babbar nan da Umma ta taho da ita daga Kano, wadda yaro zai iya koyon iyo a cikinta, wadda tun saukarmu Giza, a gefen Alƙahira, take zaune a saman kabad ɗin kicin tana shan ƙura. A lissafina sai babbar Sallah za a sauko da ita. Abin da na manta shi ne matan ma'aikatan ofishin jakadancinmu suna da wani taro da suke zagayawa da shi gida-gida, kuma Asabar ɗin farkon dogon hutun bara a kan Umma ya faɗo. Ta ɗaga murfi a gaban Hajiyoyin da suka zo taya ta aiki, sai ga wani mutum yana kallonta daga gindin tukunya, rabin fuskarsa ƙoƙon kai, rabi ƙarfe, idonsa ja kamar garwashi, a bayansa rana ta mutu ta yi baƙi ƙirin. Wata ta ja a'uziyya, wata ta yar da ludayi, wata ta ce ita dama tun ranar da ta ga yadda nake tafiya ta san akwai magana. Kafin labari ya kai ofishin su Baba, bangon littafi ya zama kan mutum, da gashinsa da komai.

Walida da Khalifa, ƙannena, ku nake rubuta wa wannan babin. Shekara guda ke nan kuna jin ana cewa an mayar da yayanku Najeriya saboda ya gudu daga karatun hadisi ya tare a shagon wasan kwamfuta. Har an ce mini Khalifa ya fara kafa misali da ni yana yi wa abokansa wa'azi. To yanzu da na manyanta, na cika sha bakwai, na ga duniya, na ci waken makarantar kwana da ƙwarinsa, lokaci ya yi da zan gyara tarihi kafin tsufa ya cim mini.

Littafin dai ba na tsafi ba ne. Akwai wani wasan kwamfuta na yaƙi a sararin samaniya da muke yi da 'yan ajinmu, to kamfanin da ya yi wasan ne yake sa a rubuta littattafai a kan duniyar wasan, don wanda bai ƙoshi ba ya ƙara. Na samo su a kasuwar tsofaffin littattafai ta Ataba, a ƙarƙashin tarin littattafan likitanci, wajen wani tsoho da ke rantsuwa cewa kowane littafin da ka taɓa shi ne mafi kyau a duk Masar. A duniyar labarin rana ta mutu, ƙasa ta daskare, ragowar 'yan Adam suna yawo cikin manyan kumbuna suna neman inda za su sauka, wasu mugayen halittu na bin sawunsu. Kumbunan kuma ba sa shan mai. Abin da mutum ke tunawa suke sha. Duk lokacin da za a tsere wa maƙiya, sai a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya shiga ɗakin inji ya ba da wani abu daga cikin kansa: ƙamshin girkin uwarsa, ko hanyar gidansu, ko fuskar amininsa. Ya fito, an tsira, shi kuma abin ya tafi har abada. Babu biki a ciki, babu dariya, babu wanda ya taɓa ci ya ƙoshi. Ni kuwa ban taɓa karanta abin da ya kai shi daɗi ba.

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Umma ta zazzage ɗakina ta fito da sauran 'yan'uwan littafin, ya jera su a kan tebur, ya dube su ya dube ni.

"Ni ba ni da lokacin karanta wannan," ya ce. "Malam Tukur zai duba su. Kuma tunda kanka yana riƙe shirme, zai riƙe hadisi. Duk hutun nan wajensa za ka riƙa zuwa. Ƙarshen hutu in ji hadda da kunnena. In ta zauna, ka ci gaba da makarantarka a nan. In ba ta zauna ba, Kawunka na Zariya ya riga ya yi maka maganar makarantar kwana."

"Baba, ai Malam ba ya jin Turanci."

"Kai kana ji. Ka fassara masa. Bakin naka dai ba ya gajiya."

Malam Tukur a lokacin ɗalibi ne a fannin hadisi, yana ƙoƙarin ƙarasa digirinsa na biyu. Mutumin Gusau ne, siriri, mai jallabiya fara da ba ta taɓa sanin datti ba duk da ƙurar Alƙahira. Tallafin karatunsa ya yanke tun kafin ya gama, abin da ya riƙe shi a ƙasar shi ne karantar da 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci, kuma Baba ne ya kai shi kowane gida, ya tsaya masa. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta buɗe masa ƙofofin nan, kalma ɗaya za ta iya rufe su, ya tattara ya koma gida ba takarda. A Gusau yana da mata, da 'yar da aka haifa bayan tahowarsa, wadda bai taɓa gani ba sai a fuskar waya. Yana zaune a unguwar Hayyus-Sabi', a hawan ƙarshe na wani bene da lif ɗinsa mai hawa da mutane ya rasu tun kafin a haife ni, tare da wasu ɗalibai. A cikinsu wanda ya shiga wannan labari shi ne Habu, ɗan Gwambe, wanda ya ce shari'a yake karantawa, amma ni ban taɓa ganinsa da wani abu a hannu ba sai kofin shayi. Shi ya sa mini suna Rediyo.

Ranar farko na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, na sauka na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, na hau benen nan ina haki kamar an biyo ni. Malam ya tsara komai: ɗan lokaci kaɗan na duba littattafan shirme, ragowar yini na hadda. Muna zama wuta ta ɗauke. Bazarar nan kuwa wutar Alƙahira ta zama kamar baƙuwa, ta leƙo ta gaisa ta tafi. Fanka ta tsaya, ɗakin ya zama tanda.

"Hadda ba ta shiga a wannan zafin," in ji Malam. "Yalla, maza fara mu ji shirmen naka, mu gama da shi."

Na fara. Malam ya jingina da bango yana jan carbi, fuska a murtuke kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci. Na ba su labarin Kwamanda, mutumin nan na cikin tukunya, wanda aka harba, aka ƙona, aka jefa daga kumbo, kullum sai ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa. Habu ya ce sunansa daga yau Ba-Ka-Mutuwa. Sai na iso kan kukun kumbon, wani tsoho mai suna da harshen Bahaushe ba zai iya murɗawa ba. Habu ya ce wannan ai Baba Tanko ne, mai shayin tashar garinsu, sunan kuwa ya bi shi. Shi Baba Tanko, duk lokacin da ƙuri'a ta faɗa kan wani ƙaramin soja, sai ya ture yaron ya shige ɗakin inji a madadinsa. Da haka ya manta garinsu, ya manta fuskar matarsa, har ya manta yadda ake miyar da yake yi, sai dai hannunsa ya yi ta yi shi kaɗai. Abu ɗaya ya hana inji: sunan 'yarsa da ya baro tana jaririya. Kowace safiya yana juya tukunya yana kiran sunan, don ya tabbatar yana nan.

Ban lura da lokacin da carbin Malam ya tsaya ba. Fanka ce ta tashi da kanta, na yi shiru na miƙa hannu wajen ƙaramin littafin hadisin.

"Sai me ya faru?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, wuta ta dawo."

"Wuta ba guduwa za ta yi ba. Sai me ya faru?"

Daga ranar nan littafin hadisi ya koma matashin butar shayi. In na iso, Habu ya ɗora ruwa, Malam ya ce bari a ƙarasa binciken da Alhaji ya sa shi, don amana ce. Amanar nan ba ta ƙarewa sai la'asar ta yi, a yi sallah, a ce gobe za a fara hadda da wuri. Gaskiya ban yi kuka ba. Na dai tuna masa, sau ɗaya ko biyu, da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba. A gida kuwa ko Umma ba ta sauraron labarina har ƙarshe, ga shi nan na samu manyan mutane masu gemu suna zaune suna kallon bakina.

Amma ba da labari a gaban ɗan hadisi wahala ce da ba na yi wa maƙiyina fatanta. Mutanen nan aikinsu ke nan: kafin su karɓi magana sai sun auna wanda ya kawo ta, daga wa ya ji, shi ma daga wa ya ji, ya taɓa yin ƙarya, yana da mantuwa. Malam yakan ce astagfirullah, ba wai yana haɗa tatsuniyar Turawa da ilimi mai daraja ba ne, amma hannun da ya saba awo ko gyaɗa aka ba shi sai ya auna. Ni kuma kun san ni, labari ba ya wucewa ta bakina bai sha gishiri ba.

"Tsaya," yakan ce. "Wancan makon ka ce dodon nan kai uku ne da shi. Yau ya zama bakwai."

"Girma ya yi, Malam."

"Kuma a ina kukun Turawa ya samo daddawa?"

"Fassara ce, Malam. Dole a kawo abin kusa."

Sai ya juya ga Habu ya karanta masa matsayina kamar yadda suke yi wa mutanen da a littattafansu.

"Sadiku ɗan Alhaji, mazaunin Giza. Sunansa ya fi shi gaskiya. Ana sauraronsa, ba a kafa hujja da shi."

Habu ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci.

A littafi na uku Baba Tanko ya mutu. Wannan babin wallahi ban sa masa ko ƙwayar gishiri ba, don ba ya bukata. Maƙiya sun kewaye kumbo, ƙuri'a ta faɗa kan yaro mafi ƙanƙanta, tsohon ya shiga ɗakin inji ba shi da sauran abin bayarwa sai sunan nan. Ya fito ya koma gaban tukunyarsa, ya ɗauki ludayi, ya buɗe baki, babu komai. Ya tsaya haka bakinsa a buɗe. A yaƙin da ya biyo baya ɓangaren kicin ya fashe da shi a ciki. Da na kai nan Habu ya ce hayaƙin risho ne ya shigar masa ido, alhali rishon a kashe yake. Malam ya tashi ya fita baranda da wayarsa, muna jiyo shi yana cewa a kara wa yarinyar a kunne ko da ba za ta yi magana ba. Da ya dawo ya ce khalas, an gama na yau, in tafi gida.

Da a nan aka tsaya, da har yanzu a Alƙahira nake makaranta ina cin kushari, shinkafa da taliyarsu. Malam ma ya ce bincike ya kammala, ranar da zan dawo hadda za a yi ba ɗaga kai. Habu ne ya ce a ɗan leƙa farkon littafi na huɗu, a ji yadda aka yi zaman makoki. Na buɗe. Wannan wata mata ce ta rubuta shi, ba mutumin da ya rubuta na ukun ba. Labari ya ci gaba bayan wancan yaƙin, sojoji sun yi layi da kwanukansu, kuma wa ke tsaye yana raba musu miya, yana tsokanarsu, yana kiran sunan 'yarsa? Baba Tanko. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ni kaina na manta da wannan, don lokacin da na karanta su ni kaɗai yaƙin nake bi, ba kuku ba. Na fassara yadda yake, kalma da kalma.

"Ƙarya kake," in ji Malam.

"Wallahi Malam haka aka rubuta."

"Tausayinmu ka ji ka ta da shi. Rediyo, ka ji tsoron Allah," in ji Habu.

Ku duba wannan abu. Na yi makonni ina ƙara wa dodanni kawuna ana haɗiyewa, ranar da na faɗi gaskiya tsirararta ranar aka kira ni maƙaryaci. Na buɗe littattafan biyu na ajiye a gaban Malam. Ya sa yatsa a kan sunan a nan, ya sa a can, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Suna ɗaya ne. Ya gyara zama, idonsa ya yi wani haske da ban so ba. Ruwaya biyu sun ci karo a gaban ɗan hadisi. Ko gobara aka yi a benen nan ba zai tashi ba sai ya daidaita su.

Na yi masa bayani iya bayani. Na ce marubutan nan 'yan haya ne, duniyar ba tasu ba ce, ta kamfani ce. Kamar direban mikrobas ne: mota ta mai gida, hanya an shata masa, ya ɗauki fasinjan da ya ga dama amma bai isa ya canza ko fenti ba. Ba-Ka-Mutuwa na kamfani ne, shi ake sayarwa, don haka marubuci bai isa ya kashe shi ba, bai isa ya yi masa aure ba, ko aski bai isa ya yi masa ba. Wanda kawai aka yarda ya kashe shi ne wanda shi ya ƙirƙiro. Shi ya sa in ka ga sabon mutumin kirki ya shigo labari, ka fara yi masa addu'a. Kuma sau da yawa lokaci guda ake ba su aikin, wannan yana rubuta na uku a garinsu, waccan tana rubuta na huɗu a nata garin, kowa na sauri. An ba ta jerin mutanen kumbo, ta ga kuku, ta sa shi rabon miya. Ba wanda ya gaya mata an kashe shi. Iyakar abin ke nan.

"Wato mace ta zauna ta rubuta littafi sukutum ba ta karanta na gabansa ba?"

"Lokacin ba a ma gama shi ba, Malam."

"To wa ke duba su?"

"Akwai wani a kamfanin da aikinsa ke nan."

"Yana ina ranar da aka ta da matacce?"

"Wataƙila ya fita shan shayi."

"A'a," in ji Malam. "Ba a jingina wa marubuci sakaci sai an rasa kowace mafita. Ana kyautata masa zato."

"Ni fa, Malam? Ni ba a kyautata mini?"

"Kai an riga an gama bincike a kanka."

Haka ragowar hutuna ya ƙone. Yau Malam ya ce kuku biyu ne masu suna ɗaya, don a fanninsu an sha samun mutum biyu sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, garinsu ɗaya. Na nuna masa sunan 'yar ma ɗaya ne. Gobe ya ce to na huɗun ne ya riga na ukun faruwa. Na nuna masa inda sojoji ke maganar fashewar kicin. Habu ya ce aljani ne ya shiga rigar tsohon, Malam ya ce ya kawo hujja ko ya yi shiru. Babin mutuwar nan na fassara shi har na haddace shi, abin da ya kamata a ce hadisi na yi wa.

"Kalmar nan, mutuwa take nufi ko suma?"

"Mutuwa, Malam."

"An yi masa wanka? Wa ya ga gawar?"

"Malam, kicin ɗin ne ya tarwatse a sararin samaniya."

"To babu gawa ke nan," ya ce, yana murmushi kamar an yi masa albishir. "Ci gaba a hankali."

A nan fa na fara tuna masa da babbar murya. Na ce Malam hutu ya zo ƙarshe, Baba ba ya mantuwa. Ya ce gobe in sha Allahu. Goben da ta zo daga ƙarshe, muka buɗe littafin hadisin da zoben gindin buta a bangonsa, muka yi ta fama, amma abin da aka ware wa hutu guda ba ya shiga kai a zama biyu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya gayyato Malam cin abinci a gida. An ci an sha, Umma na tsaye a bakin ƙofar falo, ku biyu an kora ku ɗaki amma na ga ƙafafunku ta ƙasan labule. Baba ya ce bismillah. Na kawo hadisi na farko lafiya. Na kawo na biyu da ɗingishi. Na shiga na uku na fito ta tsakiyar na farko. Daga nan sai ƙarar fanka. Baba bai dube ni ba, Malam ya duba.

"Malam Tukur, hutu guda. Me aka yi?"

Na kalli Malam. Kofin shayi na hannunsa, gumi ya jiƙa wuyan jallabiyar nan da ba ta taɓa sanin datti ba. Ya buɗe baki, babu komai. Na san abin da zai biyo baya in gaskiya ta fito: kafin Litinin kowane gida ya ji cewa malamin da Alhaji ya tsaya wa ya kwashe hutu yana sauraron tatsuniyar kan mutum a tukunya. Ba ɗalibi, ba digiri, sai jirgi. Ni kuma in na yi shiru, ni ma jirgi. Ban yi wani dogon tunani ba, kada ku ɗauka waliyyi ne yayanku. Bakina ne kawai ya riga ni, kamar kullum.

"Ba na zuwa, Baba."

"Ba ka me?"

"In na sauka daga metro shagon wasa nake shigewa. Na ce wa Malam kai ka sa ni darasin lissafi, sai jefi-jefi zan riƙa zuwa."

Kuma da yake ni ne, ban tsaya nan ba. Na gina shagon tun daga tushe. Na sa shi a ƙarƙashin wani bene kusa da mai sayar da ruwan rake, na ba mai shagon tumbi da haƙorin zinariya da kyanwa mai ido ɗaya. Ina yi ina jira wani ya ce tsaya, wancan makon ba haka ka ce ba. Babu wanda ya ce. Ƙarya mafi girma da na taɓa yi a rayuwata ta wuce ba a nemi shaida ko ɗaya ba.

"Na sani!" in ji Umma daga bakin ƙofa. "Wallahi jikina ya ba ni!"

Baba ya ba Malam haƙuri. Ya ba shi haƙuri, ku ji fa. Sai na juya na zuba wa Malam ido, mutumin da bai bar kan dodo ɗaya ya wuce ba a ƙirga ba. Na ce yanzu zai yi gyaran murya. Ya sunkuyar da kai, ya ajiye kofi, ya ce:

"Allah ya shirye shi, Alhaji."

Allah ya shirye ni! Da Baba ya tambaye shi hukuncin littattafan kuwa, sai ya ce babu sihiri a ciki, tatsuniya ce mai duhu kawai, amma ya fi kyau su zauna a wajensa, nesa da yaro.

Zariya ba zan ba ku labarinta a nan ba, tana bukatar babinta, da hawayenta. Ku dai sani ana tashinmu da ƙararrawa, ana wanka da ruwan da ya kwana a waje, kuma babu wanda ya yarda na taɓa ganin dalar Masar da idona. Na yi shekara ina tsara maganar da zan gaya wa Malam in mun haɗu.

Da na dawo wannan hutun na hau benen nan da maganata a baki. Na tarar da shi ya kare digirinsa, yana ɗaure kaya a kwali, zai tafi Gusau. Littattafaina na jere a kan taga, gefen kowane shafi cike da ƙananan rubutun Larabci, ga ƙamus ɗin Turanci duk ya yage. Habu ya ce tun tafiyata Malam ke bin su da ƙamus, kuma da suka ji kamfanin ya fito da sabon wasa ya ce duk tsofaffin littattafan an soke su, ba sa cikin labari, Malam ya yini bai ci abinci ba. Kafin in buɗe baki Malam ya riga ni.

"Na gaya wa Alhaji. Ko zango ɗaya ba ka yi a can ba na je na same shi a ofis, na faɗa masa komai. Ban iya barci."

"Ya ce me?"

"Cewa ya yi in fara zuwa ina karantar da Walida da Khalifa."

Ban san yadda na sauko daga benen ba. A mikrobas har direba ya tambaye ni ko lafiya, don ni kaɗai nake magana. Na sami Baba a falo yana karanta jarida.

"Baba, ashe ka sani."

"Na sani."

"Tun bara?"

"Tun bara."

"To me na zauna yi a Zariya?"

Ya ninke jaridar, ya cire tabarau.

"Malam ya yi kuskure, ya tako da ƙafarsa ya faɗa. Kai ka dubi tsabar idona ka ƙera mini shago har da kyanwa. Abin da ka yi masa na gani, kuma ban raina ba. Amma ni ka yi wa ƙaryar." Ya mayar da tabarau. "Sakamakonka kuma bai taɓa kyau irin na bana ba. Ka ƙarasa a can."

"Umma fa? A gaya mata mana."

"Ka gaya mata da kanka."

Na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, karo na farko a tarihi, sannan ta ce wannan ma ya yi daɗi, in je in ɗauko mata albasa.

Malam ya tafi Gusau da digirinsa da littattafaina. Ni kuma ranar Asabar jirgina zai tashi, saura mini shekara ɗaya a Zariya.